Ɗaurin Inna

Duk faɗin Ɗanzomo babu wanda ya kai Innarmu Safara'u iya ɗauri. Guga ya tsage, jarka ta huje, tiyon famfo ya fara tsartuwa, wurinta ake kawowa. Sai ta yanko siririyar roba daga tsohuwar robar cikin taya, ta ja da haƙori, ta naɗe, ta soke bakin ta ƙarƙashi. Shi ke nan, sai dai abin ya mutu ta wani wurin. Ba don sha'awa ta koya ba. Rijiyar unguwarmu irin wadda za ka saki guga ka gama gaisawa da maƙwabcinka kafin ka ji ya taɓa ruwa ce, kuma Inna ta ja ta tun tana amarya har tafin hannunta ya koma kamar ƙirgi. Wanda ya sha wannan wahala ba ya iya ganin ɗigon ruwa yana zuba ƙasa ya wuce. Ni Zaituna, autarta, na sha ranƙwashi a kan rabin moɗa.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da Yaya Muntaka. Shi ne ɗan fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yayanki" take cewa, ko "mutumin naki". In yana wurin kuwa, da ni za ta yi maganar, ko da bango, shi kuma ya tsinci nasa. 'Yan zamani suna yi wa irin wannan kunya dariya. Ni ba na yi, don na ga abin da ta ci a gidanmu.

Yaya ya fi shekara goma a kudu, yana hura wuta a wata masana'antar manja. Yakan zo da salla, wata shekarar ya tsallake. Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana kewarsa ba. Sai dai duk sa'ad da mota ta tsaya a bakin titi tana sauke fasinja, za ta sami dalilin leƙawa waje, ko akuya ce ta ɓace, ko shanya za a duba.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, masu injin niƙa a garinmu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai rufe ba ya tsawwala, har matan da suka manta nauyin taɓarya suka koma daka kamar zamanin kakanni. A kakar nan Yaya ya sauka, da jakar kaya guda da buhunan ƙarafa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Inna, ta amsa tana kallon faifan waken da take tsincewa. Na zo daga gidan mijina na zuba masa tuwo. Da ya ci ya wanke hannu, sai ya ce da ni, da ƙarfi yadda za ta ji:

"Zaituna, na gaji da kudu. Injin niƙa zan haɗa, wanda ba ya shan fetur, ba ya shan gas. Kara zai ci da ɓawon gyaɗa. In ya riƙe ni zuwa kaka mai zuwa, na zauna ke nan. In yi wa ɗakin Baba rufi, in yi aure."

"In bai riƙe ka ba fa, Yaya?"

"Sai in koma inda na fito. Namiji ba ya zama yana cin tuwon tsohuwa."

Inna ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya a cikin waken, ya daɗe bai motsa ba. Daga ranar na san injin nan, da ko ƙusa ba a kafa masa ba tukuna, ya riga ya zama nata fiye da nasa.

Ya yi watanni yana zirga-zirga. Ya sayo tsohon tankin iska na masu faci a kasuwar Maigatari, wurin wani Badamagare, aka kawo a a-kori-kura. Walda kuwa a Gumel ya yi ta, don a nan ne ake ɗan samun wuta. Ya kafa rumfar kwano a kangon bayan gidanmu, ya gina murhun bulo, ya kwantar da tankin a kai. Ya sa bututun hayaƙi, ya ja wani bututun zuwa ga fistan, wato ƙarfen da ke kai da komo, fistan ya kama wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe mai juyawa kamar ta amalanke, bel ya tashi daga ƙafar zuwa kan injin niƙa. A baya, jikin katanga, ya ajiye duron ruwa. Majalisar ƙofar masallaci ta sami abin yi. Kullum da wanda zai ratso ya tambaye shi me yake haɗawa.

"Sitim injin," yakan ce, ya ci gaba da ɗaure ƙusa, kamar ya ba da amsa.

Kafin wata ya mutu gari ya raɗa masa Muntaka Sitim. Wasu matan sun ɗauka Sitim sunan ubangidansa ne na kudu. Shi kuwa sunan bai dame shi ba, har ma yana jin daɗinsa. Yayana mutumin kirki ne, ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma yana da wannan cutar ta wanda ya fita ya ga duniya, wato son a ga ya san abin da ba a sani ba.

Ranar da ya fara hura wuta, masu jiran a yi dariya sun cika kangon. Tankin ya ɗauki zafi, ya fara gurnani, can sai wani ɗan baki da ke samansa ya fesa farin abu yana huci. Yaya ya murɗa wani mariƙi, ya tura ƙafar da tafinsa, ta juya, ta sake juyawa, ta kama gudu da kanta. Na zuba gero, gari ya fito da ɗuminsa yana ƙanshin hayaƙi. Masu dariya suka ce ai su dama sun san yaron nan zai yi abu.

Abin ya karɓu. Mata suka riƙa zuwa har daga ƙauyukan wajen Sule Tankarkar, kwano a ka, damin kara a hammata, don Yaya ya ce wadda ba ta da kuɗi ta kawo kara. Ya yi ƙiba, ya sayo azara ya jingine a ɗakin Baba. Inna ta ga azarar nan, ta wuce ta kamar ba ta gani ba, amma washegari na tarar ta share ɗakin tas har da yanar gizon saman ƙofa.

Sai dai injin da ba ya shan fetur yana shan ruwa, kuma shan raƙumi yake yi masa. Famfon sola na unguwarmu sai rana ta take yake kawowa, layin jarkoki kuwa ya kai bakin kasuwa. Ba wanda ya sa Inna, ba wanda ya roƙe ta. Yaya dai ya riƙa tashi da safe yana tarar da duronsa cike har baki. Na same ta a bakin rijiya tana ja, bayanta a lanƙwashe, na ce:

"Haba Inna, da shekarunki? Ki bari a sa 'yan garuwa."

"Wa ya ce miki don shi nake yi? Ƙafata ce ke son motsi."

"Ƙafa ke son motsi, hannu ke jan guga?"

"Zaituna, bakinki ya fi aikinki yawa. Kama min nan."

Na kama mata. Na kuma ci gaba da kama mata duk ranar da na samu, amma ina da gida da miji da goyo, mafi yawan ruwan nan ita ta ja shi.

Shi wannan ɗan baki na saman tanki yana bayan bututun hayaƙi ne, ta ɓangaren duro. Yana da wani ƙarfe a kwance a kansa, da nauyi rataye a ƙarshen ƙarfen kamar dutsen sikeli. In zafi ya kai, sai ya ɗaga ƙarfen ya yi huci, in ya lafa ya koma ya rufe. Tankin ya zo da agogonsa na auna ƙarfin iskar ciki, amma allurar ta maƙale tun makon farko. Yaya ya ɗan riƙa ƙwanƙwasa ta da yatsa, daga baya ya ƙyale, ya ce kunnensa ya fi ta. Da ya ji hucin nan ya san ya isa, sai ya daina tura kara ya tada niƙa. Matan gari ma da shi suke aiki, suna ji daga gida su ɗauko kwanukansu.

Mutum ɗaya ce ba ta son jin hucin. Inna tana tsaye a wurinta, jikin duro, tana kallon farin abin nan yana tashi sama yana ɓacewa, fuskarta kamar ta wadda ake zubar wa da miya.

"Zaituna, wancan da yake fesarwa, mene ne?"

"Sitim ne, in ji Yaya."

"Na ji. Shi sitim ɗin mene ne?"

Ban sani ba. Na zagaya na tambaye shi, yana kwance ƙarƙashin bel da sifana a hannu. Bai ko fito da kansa ba ya ce:

"Ke, ba za ku gane ba. Ku dai kada wanda ya taɓa min inji."

Haka na kai mata amsar, ta ce to.

Ana nan sai labari ya kai kunnen Malam Abdurra'uf, wani malamin kimiyya a makarantar sakandare a Gumel. Ya hawo babur ɗinsa ya zo. Mutum ne mai fara'a da ladabi, ga son bayani. Ya ce shekara da shekaru yana zana wa ɗalibai wannan inji a allo, bai taɓa ganinsa da ido ba sai yau. Kafin ya shiga kangon ya ratso gida ya tsuguna ya gaida Inna, ta sa na dama masa fura. Abin da ba ta iya tambayar ɗanta, baƙo ba ta jin kunyar tambayarsa.

"Malam, don Allah, wannan suna da ake kiran abin nan da shi, me yake nufi da Hausa?"

"Inna, kalma biyu ce ta Turanci. Injin kin san shi. Sitim kuwa tururi ne, wannan dai na tukunya. Injin tururi ke nan. A tafasa ruwa a rufaffiyar tukunya, tururin ya rasa inda zai bi, sai a ba shi hanya guda. Ya tura ƙarfe, ƙarfe ya juya ƙafa. Da shi aka fara jan jirgin ƙasa."

"Irin mai kwal ɗin nan na Nguru?"

"Shi fa. Kin gan shi ke nan?"

"A Gagarawa aka haife ni. Ina yarinya na sha kai tallan dambu tasha." Ta gyaɗa kai. "Ashe tururi ne."

"Tururi ne, Inna. Iya yadda aka tsare shi, iya ƙarfinsa."

Bai yi ƙarya ba, kuma ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. An tambaye shi ma'anar suna, ya faɗa. Daga nan Yaya ya kira shi, suka shige rumfa. Suna nan har la'asar, Yaya yana nuna masa kowace ƙusa, kowane bututu, rabi Hausa rabi Turanci. Ɗan bakin nan ma na ga ya nuna masa, ya ɗaga ƙarfen da sanda, Malam yana gyaɗa kai.

Da yammar nan Inna ta ɗora dambu. Duk wadda ta taɓa dambu ta san ƙa'idarsa: in kin ɗora madambaci a kan tukunya, sai ki kwaɓa kuka ki liƙe tsakaninsu ta ko'ina, don tururin da ya tsere ba ya dafa komai, sai dai ya ƙarar miki da ruwa da itace. Tana bin gefen tukunyar da yatsa tana shafa kukar, ta ce da ni:

"Yayanki ya san wuta, ya san ƙarfe. Amma bai taɓa dafa dambu ba."

Na yi dariya, don a lokacin abin dariya ne.

Bazara ta shigo da zafinta. Rijiya ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da rabi, rabin ma da laka. Famfon ya lalace aka ce sai an kawo wani abu daga Kano. Injin ya fara kwana biyu uku ba a hura shi ba, mata su zo su koma da geronsu. Yaya ya rame, ya daina zancen azara. Wata rana tsohon ubangidansa ya bugo masa waya daga kudu, ya fita waje ya daɗe yana amsawa. Da ya dawo ya zauna a kan turmi ya ce da ni:

"Ba fetur ne zai kore ni daga garin nan ba, Zaituna. Ruwa ne."

Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ta ji.

Malam Abdurra'uf ne ya kawo abin da ya yi kama da mafita. Ya ce akwai wasu mutane na wata ƙungiya da ke tallafa wa masu sana'ar hannu, ya nuna musu hoton injin a waya, sun ce za su zo su gani da idonsu. In ya burge su, ƙila su haƙa rijiyar burtsatse a kangon. Aka sa ranar Asabar. Yaya ya kwana biyu yana goge ƙarafa, Inna kuwa ta kwana uku tana tara ruwa, guga rabi-rabi, tana tace lakar da tsumma, har duron ya cika, tankin ma ya sha.

Abin da ta yi da safiyar Asabar ɗin ban gani da idona ba, daga baya na sani. Ta ga ruwan nan ba zai kai baƙi su gama kallo ba in aka bar shi yana tserewa ta sama. Yaya yana wanka, ta jawo turmi ta bayan tanki ta hau. Ta danne ƙarfen ɗan bakin, ta naɗe shi da roba ya kwanta, ta soke bakin robar ta ƙarƙashi. Ta kwaɓa kuka ta liƙe gefen. Ta sauka ta mayar da turmi wurinsa, ta shiga ɗaki ta ɗaura atamfarta ta salla. Da na zo na ga koren kuka a faratanta, na ɗauka miya ta kaɗa wa baƙi.

Baƙin suka iso da hantsi a farar mota, su uku da Malam. Yaya yana cikin shaddarsa, ya naɗe hannun riga ya hura wuta. Yana tura kara yana yi musu bayani da Turanci, su kuma suna ɗaukarsa a waya. Kunnensa guda yana wurinsu, guda yana jiran huci. Hucin bai zo ba. Ya ce tankin ne ya cika sosai, shi ya sa ya yi nauyin tashi, ya ƙara kara. Ya ƙwanƙwasa agogon, allura tana inda take tun makon farko. Ya juye kwandon ɓawon gyaɗa a wutar.

Zafin rumfar ya kori baƙin zuwa inuwar darbejiya, matan da suka zo kallo ma suka ja baya, ni da goyona muna cikinsu. Daga inda nake ina hango Inna ta tsakanin katanga da duro, inda baƙo ba zai gan ta ba. Ta harɗe hannu tana kallon saman tankin, babu ko zaren farin abu da ke fita. Murmushi take yi. Na daɗe ban ga irin wannan murmushi a fuskarta ba, kuma har yau shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Tankin ya canza murya. Yaya ya tsaya da magana a tsakiyar kalma, ya saki karan da ke hannunsa, ya nufi baya don ya duba.

Ƙarar ba ta yi kama da komai da na sani ba. Na ji ta a ciki kafin in ji ta a kunne. Kwanon rumfa ya tashi sama, katangar baya ta zube, farin tururi ya rufe kangon, awaki suka tsinke igiya. Da ya washe, Yaya yana ƙasa yana riƙe da hannunsa, fatar ta saɓule daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Inna tana kwance a gefen duro. Duron da ta cika shi ya tare mata tafasasshen ruwan, ƙunarta ba ta da yawa, amma jini yana fita ta kunnuwanta biyu. A farar motar baƙin aka kai su asibiti a Gumel, kuma wannan ne kaɗai tallafin da muka gani daga gare su.

Likita ya ce ranta yana nan, ƙafa da hannu lafiya. Ji ne ya tafi, kuma kada mu sa rai.

Da aka sallami Yaya, hannu a naɗe, ya ce in raka shi kangon. Ya riƙa bin ƙarafan yana juya su da ƙafa. A bayan rusasshiyar katanga, cikin gonar maƙwabcinmu, ya sami ɓallin saman tankin da ɗan bakin a jikinsa. Ya tsuguna. Robar tana nan, ta yi baƙi, ta ɗan narke ta gefe, amma ko zagaye ɗaya bai warware ba. Bakin yana soke ta ƙarƙashi. Kukar ta gasu ta zama kamar siminti. Babu mahaluƙi a Ɗanzomo da zai ga ɗaurin nan ya tambayi na wane ne.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in ciro wuƙa a aljihunsa, ya sa na riƙe masa ƙarfen, ya yanke robar da hannu ɗaya, ya kankare kukar, ya tura robar cikin aljihu.

Da mai unguwa ya tara dattawa a kan maganar, Yaya ya ce waldarsa ce ba ta kama ba, laifinsa ne shi kaɗai. Aka ce to, Allah ya kiyaye gaba, amma kada a sake hura irin wannan abu a cikin gari. Majalisa ta canza masa suna zuwa Muntaka Bam. Waɗanda suka fi cin garin injin nan, suka fi kawo ruɓaɓɓen kara a madadin kuɗi, su suka fi kowa cewa sun daɗe suna jin tsoro. Har aka sami wadda ta tare ni a bakin rijiya tana yi mini jaje, ta ce ɗa ya je ya koyo abin Nasara ya kurmantar da uwarsa. Na ajiye guga na gaya mata abin da ya sa mijinta ya zo ba da haƙuri da neman a ba shi haƙuri a lokaci guda.

Amma fushina na gaske ba a kanta yake ba. Na sami Yaya a ɗakin Baba, zaune a kan azarar da bai kafa ba.

"Yaya, da ka gaya mata."

"Na ce kada a taɓa."

"Ka ce. Malam ka zaunar da shi har la'asar. Baƙi ka yi musu da Turanci. Ita da take cika maka duro, magana nawa za ta ci maka? Ka ce, Inna, nan ne yake numfashi, in aka toshe zai fashe. Shi ke nan fa."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja.

"Yaushe ta taɓa tsayawa na yi mata magana, Zaituna? Tun ina yaro in na shigo ta ƙofa, ita bango take kallo."

Shi ma gaskiya ya faɗa. Na fita na bar shi, ina jin haushinsa, ina jin haushinta, ina jin haushin duk wanda ya fara cewa uwa ta ji kunyar abin da ta haifa.

Bai jira damina ba. Da hannun ya warke ya sayar da ƙarafan wa 'yan gwangwan, ya ɗaure jakarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar ranar da ya zo, ya ce Inna zan koma, a yafe mini. Ya faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ita ba ta ji ba, amma ta ga jakar. Ta juya ta ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Yanzu kullum ina gidan, don ba a barin kurma ita kaɗai da wuta. Ba ta fita in mota ta tsaya, tunda ba ta jin tsayuwarta. Har yanzu ana kawo mata ɗauri. Rannan wata maƙwabciya ta aiko da jarka, Inna ta zauna a tabarma tana naɗa roba, ina gefe ina yi wa 'yata kitso. Ba ta dube ni ba ta fara magana, da wannan muryar ta kurame da ba ta san tsayinta ba.

"Zaituna, kin ɗauka ban san abin da ya faru ba? Na sani. Ni na ɗaure bakin nan."

Na saki kan yarinyar.

"Hannuna ne ya tsufa. Da ɗaurina na da ne, da bai kwance ba. Kwancewa ya yi, tururin ya sami hanya ya yaga tukunyar. Da na ja shi sosai, da baƙin sun ga aiki, da an haƙa rijiyar, da yana nan."

Na girgiza kai. Na matsa na kama hannunta, na sa baki a kunnenta na ce Inna ba haka ba ne. Ta ture ni a hankali.

"Kada ki lallashe ni, ni ba yarinya ba ce."

Na koma na zauna. Ko da tana ji, me zan ce mata? In ce ɗaurinki bai kwance ba, Inna, ko zagaye ɗaya, kuma shi ya sa? Na auna maganar nan ta kowace fuska, ban ga wadda za ta iya ɗauka ba. Na bar ta da tata.

Ta ja robar da haƙori, ta ƙara zagaye, ta sake ƙarawa, har ɗaurin ya fi hujin jarkar girma nesa ba kusa ba. Ta soke bakin ta ƙarƙashi, ta gwada da babban yatsa.

"In ya bugo waya," ta ce, "ki gaya wa Muntaka ya dawo ya haɗa wani. Wannan karon ninka robar zan yi."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ita ko ba ta ji kanta ba.

Ranar Juma'a ya bugo, kamar yadda ya saba. Ya tambayi yara, ya tambayi ruwan sama, sannan ya ce:

"Inna fa? Ta ce wani abu?"

Tana zaune a gabana, tana kallon bakina.

"Tana gaishe ka," na ce.